Kama da Wane Ba Ta Wane: 'Yan Ci-Rani Biyu a Bakin Dam ɗin Warwade

 Yau ina so mu ɗan bar aji mu fita bakin ruwa. Labarin da na zo muku da shi na wasu ƙananan tsuntsaye ne guda biyu, waɗanda na tabbata da yawanku kun sha gani a bakin tafki ko kududdufi, amma ba ku taɓa tsayawa kun dube su da kyau ba. Ni ma haka nake, har ranar da suka sa na ji kunya a gaban 'yan ajinmu.

A watan Janairu ne, sanyi ya kankama, hazo ya rufe duwatsun Dutse. Malaminmu na bayoloji a jami'a ya kwashe mu da sassafe zuwa dam ɗin Warwade, wanda ba shi da nisa da cikin gari. Ya raba mu biyar-biyar, ya ba kowane rukuni madubin hangen nesa guda ɗaya, ya ce mu rubuta kowane irin tsuntsu muka gani da adadinsa. Ni aka ba biro da takarda. Na rubuta balbela, na rubuta zalɓe, na rubuta kirinjijiya. Da na ga wasu 'yan mitsi-mitsi suna ta tsince-tsince a gaɓa, sai na rubuta: "Ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, guda bakwai."

Malam ya karɓi takardar ya duba, sannan ya ce, "Iri nawa ne a cikin bakwai ɗin nan?"

Na ce, "Malam, ai duk ɗaya ne."

Ya miƙo mini madubin ya ce, "Koma ka sake dubawa. Kada ka dawo sai da bambanci uku."

'Yan aji suka bushe da dariya, ni kuwa na koma na tsuguna a bayan wata bishiya ina hararar tsuntsayen da suka ja mini. Kafin rabin awa na gane cewa Malam ya fi ni gaskiya. Biyu daga cikinsu daban suke, biyar daban. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Su wane ne su?

A littattafan tsuntsaye, na farko Turawa suna kiransa Common Sandpiper, masana kimiyya kuma Actitis hypoleucos. Na biyu shi ne Wood Sandpiper, a kimiyyance Tringa glareola. Ku riƙe waɗannan sunaye, domin da su za ku nemi hotunansu a intanet. Mu dai a ajinmu tun ranar muka laƙaba musu sunayen da suka fi mana sauƙi. Na farko muka sa masa Ɗan Rausaya, na biyu Ɗan Zabo. Nan gaba kaɗan za ku ji dalili.

Dukansu 'yan dangi ɗaya ne, dangin tsuntsayen da ke kiwo a bakin ruwa ba tare da sun yi iyo kamar agwagwa ba. Tsawon kowannensu daga baki zuwa wutsiya wajen santimita 20 ne, wato bai kai rular nan mai santimita 30 da ke cikin jakarku ba. Nauyinsu bai wuce na ƙwan kaza ɗaya ba, ko ya ɗara kaɗan. Dukansu bayansu ruwan ƙasa ne, cikinsu fari, bakinsu siriri kuma miƙaƙƙe. Daga nesa, musamman cikin hazo, kowa zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sai an natsu ake ganin inda suka rabu.

Fara da ƙafa da tsayuwa

Abu na farko da za ku duba shi ne ƙafa. Ɗan Rausaya gajere ne. Ƙafafunsa gajeru ne, launinsu toka-toka mai ɗan kore, kuma kullum a duƙe yake kamar wanda ya yar da kuɗi yana nema. Wutsiyarsa doguwa ce, ta zarce ƙarshen fukafukansa idan ya naɗe su. Babbar alamarsa kuwa ita ce ba ya iya tsayawa cik. Yana tafiya yana kaɗa bayansa sama da ƙasa, ko ya tsaya ma bai daina ba, kamar mai jin kiɗan da shi kaɗai yake ji. Abin da ya sa muka ce masa Ɗan Rausaya ke nan.

Ɗan Zabo kuwa dogo ne siriri. Ƙafafunsa sun fi tsawo, kuma launinsu rawaya ne mai ɗan kore. Wuyansa ma ya fi tsawo, yana tafiya a natse, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gudun ɓata sabon takalmi. Shi ma yakan ɗan kaɗa jiki idan ya tsorata, saboda haka kada ku yanke hukunci da kaɗawa ɗaya. Amma wanda kuka ga yana yi babu ƙaƙƙautawa, to wancan ne na farko.

Sai launi. Bayan Ɗan Rausaya sumul yake, ruwan ƙasa kusan bai ɗaya. Amma ku dubi kafaɗarsa: farin cikinsa yakan hau sama ya shiga tsakanin ƙirji da fiffike, kamar an ɗora masa ɗan farin yatsa a wurin. Wannan alama ko daga nesa ana hango ta. Shi kuwa Ɗan Zabo bayansa cike yake da ƙananan fararen ɗigo-ɗigo irin na zabuwa, kuma yana da doguwar farar gira da ta taso daga gindin baki ta wuce bayan ido. Babu wancan farin yatsa a kafaɗarsa.

Idan suka tashi

Sau da yawa kafin ku gama dubawa tsuntsun ya tashi. Kada ku ji haushi, domin a tashi ne bambancin ya fi fitowa fili.

Ɗan Rausaya ƙasa-ƙasa yake tashi, dab da fuskar ruwa, har ka ce zai taɓa shi. Fukafukansa a sandare suke, sun ɗan lanƙwasa ƙasa. Yakan kaɗa su da sauri sau biyu ko uku, ya saki jiki ya ɗan lula, ya sake kaɗawa. A kowane fiffike akwai farin layi da ya bi tsawonsa. Yawanci ba ya nisa, yakan yi baka ne a kan ruwa ya sake sauka a gaɓa can gaba.

Ɗan Zabo sama yake cillawa kai tsaye, da sauri. Babu farin layi a fukafukansa, amma akwai farin faci a ƙugunsa, daidai saman wutsiya, wanda ke haskawa da zarar ya buɗe fiffike. Saboda tsawon ƙafa, yatsunsa sukan leƙo bayan wutsiya yana cikin tafiya.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu iya magana, kuma a nan ma haka ne. Kukan Ɗan Rausaya siriri ne mai tsini, kamar "tswii-wii-wii", yana yinsa yayin da yake bin saman ruwa. Na Ɗan Zabo gajere ne, a jere da sauri, kamar "cif-if-if". Wanda ya saba, ko idonsa a rufe zai faɗa maka wanda ya tashi.

Bari in ƙara muku da gargaɗi ɗaya. Akwai wani ɗan'uwansu na uku da ake kira Green Sandpiper, shi ma yana zuwa ƙasarmu, kuma shi ma yana da farin ƙugu. Sai dai ya fi Ɗan Zabo duhu ƙwarai. Idan ya tashi sai ka ga kamar baƙi da fari ne kawai, har ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, alhali na Ɗan Zabo da haske.

Kowa da inda yake cin abinci

Da na koma wurin Malam da bambance-bambancena, ya saurara, sannan ya ƙara mini wata tambaya: "A ina kowannensu yake tsaye?" Wannan tambaya ce ta fi koya mini abu a ranar.

Biyun nan, wato 'yan Rausaya, kowanne shi kaɗai yake, nesa da ɗan'uwansa. Ɗaya yana kan duwatsun da aka jera a jikin madatsar, ɗaya yana bin gefen ruwa inda ƙasa ta yi tauri. Tsuntsu ne mai son kaɗaici, kuma yakan kori ɗan'uwansa idan ya shigo masa wurin kiwo. Da gajerun ƙafafunsa yake bin gaɓa da gudu-gudu, yana tsintar ƙwari da ƙananan halittu a kan dutse, a kan yashi, ko a kan laka. Shi ya sa za ku iya ganinsa a wuraren da ba ku zata ba: bakin magudanar ruwa ta siminti, ƙarƙashin gada, ko ramin da aka haƙi ƙasar bulo ruwa ya taru.

Biyar ɗin kuwa, 'yan Zabo, suna tare a wani lungu inda ruwa ya ja baya ya bar taɓo da gajeriyar ciyawa. A cikin ruwan suke tsaye, ya kai musu rabin ƙafa. Doguwar ƙafa ta ba su damar shiga inda ɗan'uwansu ba ya shiga, suna tsintar tsutsotsin ƙwari da ƙananan dodon koɗi a saman ruwa da cikin laka. Wurin da suka fi so shi ne fadama mai ruwa marar zurfi da gonar shinkafa da aka yi wa ban-ruwa. Duk wanda ya bi fadamun Jahun ko Miga da rani, ya buɗe ido, yana iya cin karo da su.

'Yan ajin kimiyya, ga darasinku nan a fili. Abin da ake koya mana a bayoloji cewa kowace halitta tana da gurbinta a muhalli, kuma surar jikinta ta dace da yadda take neman abinci, shi ne wannan. Tsuntsaye biyu, girma ɗaya, abinci kusan iri ɗaya, tafki ɗaya, amma ba sa cin karo, saboda ɗaya ya riƙe busasshiyar gaɓa, ɗaya ya riƙe taɓo. Idan tambaya irin wannan ta fito muku a WAEC ko NECO, kun riga kun ga amsarta da idonku.

'Yan ci-rani ne

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Duk cikin waɗannan tsuntsaye babu wanda aka ƙyanƙyashe a Jigawa, ko ma a Afirka ta Yamma. Baƙi ne.

Kun san shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa. Ita a cikin Afirka take yawonta, tana bin ruwan sama. Waɗannan kuwa daga wata nahiya suke tasowa. Ɗan Rausaya yana yin sheƙa a bakin koguna da tafkuna a faɗin Turai da Asiya. Ɗan Zabo ya fi shi nisa zuwa arewa, a dausayin da ke cikin dazuzzukan ƙasashe irin su Suwidin, Nowe, Finlan da arewacin Rasha. A can, cikin watannin Mayu da Yuni, rana ba ta cika faɗuwa ba, ƙwari kuma sun yi yawa, ga abinci har ya ishi 'ya'ya. Kowace mace takan yi ƙwai huɗu a 'yar sheƙa a ƙasa, a ƙyanƙyashe su cikin kusan mako uku. Wani lokaci Ɗan Zabo yakan ari tsohuwar sheƙar wani tsuntsu a kan bishiya. 'Yan tsakin, kamar na kaza, suna bushewa suke fara tafiya suna tsintar abinci da kansu.

Da sanyi ya doso, ruwan can zai daskare ya zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace. Sai su yi abin da mutanenmu suka saba yi idan aikin gona ya ƙare: su tafi ci-rani. Daga watan Agusta zuwa Satumba ake fara ganinsu a wurinmu, su kwashe rani, sannan wajen Afrilu zuwa Mayu su kama hanyar gida.

Ku ɗauko taswira ku auna. Daga Finlan zuwa Dutse ya haura kilomita 5,000. A tsakani akwai tekun Bahar Rum, akwai kuma hamadar Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya doshi kilomita 2,000. Tsuntsun da bai fi ƙwan kaza nauyi ba shi ke ƙetare wannan duka, sau biyu a shekara. Guzurinsa kitse ne. Kafin ya tashi yakan yi makonni yana ci babu wasa har jikinsa ya tara mai, wannan man shi yake ƙonawa a hanya. Yawanci da dare suke tafiya, kuma bincike ya nuna tsuntsaye masu ƙaura suna gane hanya ta taurari, da rana, da maganaɗisun da ke cikin ƙasa. Abin mamaki kuma, iyaye sukan riga 'ya'ya tasowa. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a watan Yuni shi ke nemo hanyar Afirka bayan 'yan watanni, ba tare da uwa ko uba sun yi masa jagora ba.

Ta yaya aka san wannan? Masana sukan kama tsuntsu su sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa su sake shi. Idan aka sake ganinsa a wata ƙasa, lambar ta faɗi inda ya fito. Yanzu har da wata 'yar na'ura marar nauyi ake ɗaura musu. Da irin wannan na'ura aka gano cewa 'yan Rausaya da ke sheƙa a Sikotlan yawancinsu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suke cin rani, musamman ƙasar Gini Bisau.

Laifin da na taɓa yi

A nan dole in faɗa muku wani abu. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ni ne gwanin danƙo a unguwarmu. Wata rana da hantsi muka je wani kududdufi a bayan gari, na hango wani ɗan tsuntsu yana ta kaɗa jiki a bakin ruwa. Harbi ɗaya na yi masa. Muka fige shi muka gasa, naman bai kai loma biyu ba, mu huɗu muka raba. Na manta da zancen sam, sai ranar nan a Warwade, da Malam yake ba mu labarin tafiyarsu, abin ya faɗo mini. Wato tsuntsun nan ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya tsira daga shaho da guguwa da ƙishirwa, ya iso garinmu lafiya, sai ga ni da tsakuwa. Ban gaya wa kowa ba a ranar, amma jikina ya yi sanyi.

Na san wani zai ce ai tsuntsaye ɓarna suke yi a gona. Gaskiya ne manomanmu suna shan wahalar jan-baki, waɗanda ke sauka dubbai su cinye shinkafa da gero da dawa. Amma dubi bakin jan-baki, gajere ne mai kauri, na fasa ƙwaya. Dubi na waɗannan, siriri kamar tsinke, na tsintar ƙwaro. Ɗan Zabon da kuka gani a gonar shinkafa ba shinkafar ta kawo shi ba, ƙwarin da ke cikin ruwan yake ci. Wanda bai iya bambancewa ba sai ya huce haushin ɓarawo a kan baƙon da bai ci ba bai sha ba.

Masaukin baƙi yana ƙanƙancewa

Ba ƙaramin matsayi jiharmu take da shi ba a wannan tafiya. Tsuntsun da ya ƙetaro Sahara, manyan ruwayen farko da zai tarar su ne na yankin Sahel, kuma ɗaya daga cikin mafiya muhimmanci shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala su bazu a tsakanin Jigawa da Yobe. Akwai wata yarjejeniya ta duniya ta kare dausayi da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971. Wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da dausayin Baturiya da ke nan Jigawa. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja, Nguru da Bade cikin jerin muhallan da duniya ke ba kulawa ta musamman.

Sai dai ruwan ba kamar da yake ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, yadda kogin Haɗeja ke cika da janyewa ya canza. Madatsun sun kawo amfani, domin da su ake noman rani, da su birnin Kano ke shan ruwa. Amma malalar damina da ke shimfiɗuwa a fadamu ta ragu, a wasu wurare kuma ruwa ya daina ƙafewa gaba ɗaya. Irin wannan ruwa mai zama shekara shi ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ku tambayi duk wani manomi ko masunci daga Haɗeja, Guri ko Kirikasamma, zai ba ku labarinta. Inda kacala ta rufe, babu sauran buɗaɗɗen taɓo, Ɗan Zabo kuwa taɓo yake nema.

Mu ma a nan tsakiyar jiha muna da namu. Kududdufan da muka yi wasa a bakinsu muna yara, wasu an cike su an yi gini, wasu sun zama juji, leda ta rufe gaɓarsu. Maganin ƙwarin da ake fesawa a lambu, idan ya yi yawa, yana gangarawa cikin ruwa ya kashe abin da tsuntsayen ke ci. Tsuntsun da bai sami abinci a watan Maris ba, ba zai tara kitsen da zai mayar da shi gida ba.

Me ya sa sai an bambance?

Wataƙila wani ya ce, to Yaya, ko iri ɗaya ne ko iri biyu, mene ne ruwanmu? Ga amsa. Da a ce takardata ta farko aka ajiye, wadda ta ce "ƙananan tsuntsaye bakwai", sannan bayan shekara biyar wani ya je ya ƙirga bakwai, sai a ce komai lafiya. Alhali mai yiwuwa 'yan Zabo sun ƙare a wurin saboda taɓon ya ɓace, wasu ne suka cike gurbin. Wanda bai san su ɗaya-ɗaya ba, ba zai lura da ranar da ɗaya ya daina zuwa ba.

Wannan ya taɓa faruwa. Akwai wani tsuntsun bakin ruwa mai lanƙwasasshen baki da ake kira Slender-billed Curlew, wanda ke tasowa daga Rasha yana cin rani a ƙasashen Bahar Rum. Yana kama da wasu 'yan'uwansa ƙwarai, har masana kan yi gardama a kan wanda suka gani. Ganin ƙarshe da kowa ya amince da shi a Maroko aka yi, a 1995. A 2024 masana suka fitar da sakamakon bincike cewa ya ƙare a duniya. Namu biyun, alhamdulillahi, har yanzu suna da yawa, ba sa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Amma a wasu ƙasashen Turai, har da Birtaniya, an lura adadin Ɗan Rausaya yana raguwa, kuma don a gane dalili sai an san abin da ke faruwa da shi a nan inda yake cin rani.

Shi ya sa duk watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama na duniya, aikin da aka fara tun 1967. A nan gida akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke aiki tare da Jami'ar Jos, wadda ke horar da ɗalibai har zuwa digiri na biyu, kuma ke jagorantar aikin tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya gari-gari. Da yawan masu aika musu bayanai matasa ne masu waya a hannu. Ilimi ne da ake karanta shi, ake kuma cin abinci da shi.

Aikin gida

Ga abin da nake so ku gwada a wannan rani. Ku nemi ɗan littafi da fensir. Ku zaɓi ruwa ɗaya mafi kusa da ku, ko dam, ko tafki, ko kududdufi, ku riƙa zuwa sau ɗaya a mako, da safe ko da la'asar. Kada ku je ku kaɗai, ku tafi da yaya ko malami, kuma da izinin iyaye. Ku tsaya a gaɓa, kada ku shiga ruwan, saboda zurfi da kuma cutar tsargiya. Ku sa rana a bayanku domin ku ga launi da kyau, ku zauna shiru na minti goma. Ko babu madubin hangen nesa, Ɗan Rausaya yakan matso kusa idan ba a motsa ba.

Duk wanda kuka gani, ku yi wa kanku tambaya huɗu. Ƙafarsa gajera ce ko doguwa? Bayansa sumul ne ko mai ɗigo? A busasshiyar gaɓa yake ko a cikin ruwa? Da ya tashi, ƙasa-ƙasa ya bi da farin layi a fiffike, ko sama ya yi da farin ƙugu? Ku rubuta kwanan wata, da wuri, da adadi. Ku lura da ranar da kuka yi musu ganin ƙarshe kafin damina, da ranar da suka dawo. Idan kuka ga mai zobe a ƙafa, ku sanar da malaminku na bayoloji. Idan kuwa mataccen tsuntsu kuka tarar, kada ku taɓa shi da hannu, saboda murar tsuntsaye.

Sannan ku tambayi kakanninku, da masunta, da makiyaya, sunan da suke kiran kowannensu a garinku, ku rubuta. Waɗannan mutane sun fi kowa zama a bakin ruwa, kuma abin da suka sani ya cancanci shiga littafi. 'Yan ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma za su iya shirya fita ranar 2 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar dausayi ta duniya, lokacin baƙin namu suna nan.

Danƙo kuwa, ku bar shi a gida. An ce baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Waɗannan nan da watan Mayu sun tafi, kuma akwai doguwar hanya a gabansu.

Wanda ya yi wannan aiki ya rubuto wa shafin nan abin da ya gani, da sunan makarantarsu. Ina so in ji wa zai fara kawo mini bambanci na huɗu wanda ni ban lura da shi ba. Allah Ya ba da sa'ar karatu, sai mun haɗu a mako mai zuwa.